Ƙurar Kwana Biyu

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Gobir ko a Katsinar Maraɗi ya san jirgin kara. Da an gama girbi an kai damma rumbu, sai yara su bazu cikin gonaki suna zaɓen karan dawa mai kauri, su ɓare bayansa, su yayyanka totuwar, su harhaɗa ta da tsinke. Kafin la'asar ga jirgi ya samu fukafukai da wutsiya da farfela wadda iskar hunturu ke juyawa. Ba wanda ke tambayar yaro wane irin jirgi ne wannan, na wace ƙasa ne, ko a wace shekara ya tashi. Jirgi ne kurum, kuma ransa ba ya wuce ranar da akuya za ta same shi a tsakar gida.

Akwai kuma wani irin ƙaramin jirgi wanda duk darajarsa tana cikin waɗannan tambayoyin. Shi a kwali yake zuwa daga waje, gutsattsarin roba ne guda talatin ko hamsin, tare da takardar da ke nuna yadda za a haɗa su, da wata ƴar takarda mai ɗauke da tambura da lambobi waɗanda ake jiƙawa a ruwa su sulɓe a manna. Kowane kwali yana kwaikwayon jirgin da ya taɓa tashi da gaske, kuma mafi yawansu jiragen yaƙin duniya na biyu ne. Turawan Ingila suka fara abin a shekarun 1930, kamfanin Airfix ya baza shi cikin kantuna a shekarun 1950, Faransawa kuma suka bi sahu da kamfanin Heller a 1957. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1/72, wato kowane santimita guda a jikin ƙaramin yana madadin santimita 72 a jikin babban. Asalin lissafin shi ne inci ɗaya a madadin ƙafa shida, tsayin dogon namiji. Jirgin Hurricane, wanda faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 12, idan aka mai da shi wannan ma'auni sai ya dawo santimita 17, bai ko cika taƙi guda ba.

A Tsibiri akwai wani dattijo mai gyaran agogo da rediyo wanda ya shafe kusan shekara hamsin yana wannan aiki, kuma bai taɓa sayar da ko jirgi ɗaya ba. Kwalinsa na farko kyauta ce daga wani mushen lissafi Bafaranshe da ya koyar da shi a Maraɗi a shekarun 1970, wanda da zai koma gida ya rarraba wa ɗalibai tarkacen ɗakinsa. Wasu suka samu littattafai, wani ya samu fitila, shi kuwa rabonsa jirgin da ba a haɗa ba. Kwalayen da suka biyo baya sun zo ta hannun ɗalibai masu dawowa hutu daga waje da alhazai ƴan kasuwa, wani lokaci kuma a tsince su cikin kayan gwanjo, an ɓalle rabin gutsattsarin, tamburan sun bushe sun tsattsage. Cikin shekarun nan duka jiragen da ya gama ba su kai talatin ba. Sana'ar agogo ta ja baya tun da salula ta shigo, amma ta bar masa abin da ya fi buƙata: gilashin ido guda, da matsefata, da hannun da ba ya rawa, da haƙurin zama.

Wanda ya tsara waɗannan kwalaye bai yi tunanin Gobir ba. Zafin bazara yana lanƙwasa roba idan an manta da ita ƙarƙashin rufin kwano. Ƴan gwangwanayen fentin, da an buɗe su sau biyu sai su daskare. A hunturu kuwa ba a ma soma fenti, domin kafin buroshi ya kai ƙarshen fiffike ƙura ta riga ta zauna a farkonsa. Saboda haka dattijon ya raba shekararsa kamar manomi: yanka da guga da manni a rani, fenti sai damina ta sauka, shi ma bayan sallar asuba, kashegarin ruwa, lokacin da iska ta kwanta. Da ya gama shafawa sai ya kife akushi a kai. Jikokinsa sun daɗe da sanin cewa akushin da ke kife a teburin shago ba tuwo ne a ƙarƙashinsa ba.

Haɗa jirgin abu ne mai sauƙi, yaro mai natsuwa zai iya shi cikin mako. Aikin gaske yana farawa ne bayan an gama fenti an manna tambura, jirgi ya fito fes kamar amarya. A nan ne masu wannan fasaha suke yin abin da ke ba baƙo mamaki: sai su koma su ɓata shi da gangan. Faransawa suna ce wa wannan mataki patine, kalmar da suke kiran launin da tsufa ke ba tagulla da ita. Dattijon shi yana cewa "sa wa jirgi kwanaki", kuma da wuya malaman harshe su samo sunan da ya fi wannan. Hujjar ita ce jirgin yaƙi ba ya zama fes sai ranar da ya bar masana'anta. Hayaƙi yana ja masa layi daga bututun inji zuwa baya. Mai yana tsattsafowa a ƙarƙashin hanci, iska ta ja shi. Takalman matuƙi da na makanikai suna cinye fenti a gindin fiffike, inda ake takawa a hau, rana kuma tana kashe launin sama ta bar na ciki. Wanda ya iya karanta waɗannan alamu, kamar yadda maharbi ke karanta sawu, zai faɗi inda jirgi ya zauna da irin wahalar da ya sha.

Masu hali a Turai suna sayen garin launi na musamman a ƴan kwalabe, kowanne da sunansa. Dattijon bai taɓa mallakar ko ɗaya ba. Baƙin hayaƙi daga gindin tukunya yake kankaro shi, fari-farin kuma daga tokar kara. Inda ƙarfe ya kamata ya ɗan yi ƙyalli, kamar bakin bututun hayaƙi, sai ya goga kwalli da tsinken ashana, kwallin dutse irin wanda mata ke saye a kasuwa. Akwai wata ƴar dacewa a nan da yake jin daɗin faɗi. Dutsen kwalli darma ce a cikinsa. Man jiragen wancan zamani ma ana zuba masa sinadarin darma don inji ya jure matsi, kuma ita ce ke barin layi mai ruwan toka a gefen jirgi idan matuƙi ya tsuke wa inji mai saboda doguwar tafiya. Ke nan launin hayaƙi kaɗai yana iya ba da labarin yadda aka tuƙa jirgi.

Abin da ya fi ba shi wuya, abin dariya, shi ne ƙura, a garin da ƙura ke shiga har cikin tuwo. Sai an yi lissafi ake gane dalili. Ƙwayar rairayi mai kaurin rabin milimita, idan ta zauna a fiffiken 1/72, a idon ma'auni ta zama dutse mai santimita uku da rabi, kamar goro. Silin gashi ya zama igiya. Fentin da aka shafa da nauyin hannu ya zama yaɓen makuba, ya cike ƴan layukan da ke nuna mahaɗar ƙarfe. Ashe ƙasar tsakar gida ta yi wa ƙaramin jirgi girma. Dole a daka ta a turmi, a tankaɗe da rariya, a sake tacewa da ƙyallen ɗankwali, a dama da ruwa a bari tsakuwar ta kwanta, a tsiyaye ruwan saman a shanya a faranti. Ɗan abin da ya rage, mai laushi kamar hodar jarirai, shi ne ƙurar da ta dace. Maginan tukwane na Jiratawa, waɗanda suka san halin yumɓu tun kaka da kakanni, za su gane wannan aiki ba sai an yi musu bayani ba.

To, a nan ne kuma jarrabawa take, domin mutum in ya iya sa tsufa hannunsa ba ya son tsayawa. Hotunan gasar wannan fasaha da ke yawo a intanet cike suke da jirage masu kamar an tono su daga juji: kowace mahaɗa an zizara mata baƙi, kowane gefe an kankare shi har farin ƙarfe ya bayyana, wani ma har da jar tsatsa a jikin da aka yi da alminiyom, ƙarfen da ba ya yin jar tsatsa. Abin yana ɗaukar ido, amma gwanintar mai yi yake nunawa, jirgin kuwa ya ɓace a ƙarƙashinta. Hurricane musamman yana tona asirin masu irin wannan hali. Daga bayan mazaunin matuƙi zuwa wutsiya yadi ne ya rufe shi, an ɗame shi a kan sanduna an shafe da wani ruwa mai sa shi tauri kamar fatar ganga. Yadi yana koɗewa, yana yagewa, ana yi masa faci, amma ba ya ɓantarewa ya nuna ƙarfe. Wanda ya kankare wannan wurin ya yi kamar saurayin da ya shafa wa gemunsa toka don a ba shi tabarmar dattawa.

Dattijon ya koyi riƙe hannunsa ne a kan jirgi guda wanda ya fi shekara uku yana aikinsa: Hurricane a filin jirgin Kano, a hunturun 1941. Mai karatu zai so ya ji abin da ya kai jirgin yaƙin Ingila Kano.

A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Ratsa Bahar Rum ya zama sai da rai ga jiragen ruwan Ingila, alhali sojojinta na Masar suna jiran jiragen sama, zagayawa ta ƙurewar kudancin Afirka kuwa tafiya ce mai cin makonni da dama. Sai aka tuna da wata hanya. Tun a watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka taso daga Masar suka sauka Kano, su ne jiragen sama na farko da birnin ya karɓa. Daga 1936 kuma jiragen wasiƙu da fasinja suka riƙa zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. Aka shawarta a riƙa kawo jiragen yaƙi ta ruwa zuwa Takoradi, a gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau, a haɗa su a can, su ƙarasa Masar da fukafukansu.

Abin lura shi ne yadda suke isowa. A manyan akwatunan katako suke zuwa, gangar jiki daban, fukafukai daban, sai an fasa akwati an harhaɗa. Hotunan lokacin suna nuna leburori baƙar fata suna jawo Hurricane daga akwatinsa. Wato jiragen gasken ma a kwali suka zo Afirka, kuma akwai hannun ƴan Afirka a haɗa su. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940. Yawanci wani jirgi mai inji biyu, Blenheim, shi ke gaba da mai duba taswira a cikinsa, kamar madugu, ƙananan suna biye. Zango na farko Ikko, na biyu Kano, sannan Maiduguri, da Fort-Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, da Junaina da Fashir a Darfur, da Hartum, sai a bi kogin Nilu zuwa Masar. Duk Bahaushen da kakansa ya yi hajji a ƙasa ya san waɗannan sunaye, don daga Kano zuwa Hartum hanyar alhazai ce, wadda mutane kan shekara suna bi. Jiragen kuwa suna cinye kusan kilomita 6,000 cikin kamar kwana shida. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Coningham kuma, daga 1941, shi ne ya zama shugaban sojan saman da ke yaƙi a hamadar Libiya da Masar, yana karɓar kayan da ke bin hanyar da ya buɗe.

Hanyar ba ta yiwuwa in ba don Cadi ba, wadda gwamnanta Félix Éboué, baƙar fata ɗan Giyana ta Faransa, ya bi Janar de Gaulle, Dogol na tsofaffi, a ranar 26 ga Agusta 1940. Nijar kuwa, tare da sauran ƙasashen da ake mulka daga Dakar, ta zauna a hannun gwamnatin Vichy har Nuwamba 1942. Shekara biyu ke nan Maraɗi da Katsina, waɗanda tsakaninsu bai kai kilomita 100 ba, kuma jini ɗaya ne, suna ƙarƙashin iyayengiji biyu masu hararar juna. Matuƙin da hazo ya ɓatar ya sauka a ƙasar Faransa yana iya ƙarewa a tsare.

Tsofaffin Gobir ba su riƙe sunan Vichy ba. Abin da suka riƙe shi ne ɗiban soja, da aikin tilas, da hatsi da dabbobin da ake karɓa, da gidajen da kan tashi cikin dare su tsallaka "Ingilishi", kamar yadda suke kiran Najeriya a lokacin. Can ɗin ma ba hutu: daga 1942 zuwa 1944 an yi ta ɗiban mutanen Arewa aikin tilas a ramukan kuza na Jos, an kuma tara kuɗin jama'a don sayen jirage, har wata rundunar Spitfire, ta 91, ta ɗauki sunan Najeriya. A ƙasashen da Faransa ke mulka sai a 1946 doka ta soke aikin tilas. Amma ɗalibin da ya yi lakwal a zamanin dattijon ya karanta kiran Dogol na 18 ga Yuni da saukar Normandi, ya ci jarrabawa a kansu, ba tare da an taɓa gaya masa cewa dubban jiragen wannan yaƙi sun sha mai a Kano, garin da kawunsa ke zuwa sarin yadi, ba. Shi sai da furfura ta fito masa ya sani, daga hotunan da jikansa ya nemo masa a salula.

Da ya tashi yin jirgin Kano sai tarihin ya ɗaure masa hannu. Jirgin da ya kwana a Kano kwanansa biyu ke nan a hanya, kuma bai daɗe da fita daga akwati ba. Sabo ne, babu ɓantarar fenti, babu faci, babu koɗewa. Na farkon nan ma ba su samu launin hamada ba tukuna. Da kore da ruwan ƙasa na gonakin Ingila suke ratsa sararin ƙasar Hausa, sai matatar iska mai kamar maƙoƙo da aka ɗaura musu ƙarƙashin hanci don kada yashi ya ci inji. Wasu an shafa musu farin fenti a gadon baya, domin in jirgi ya faɗi a daji a hango shi daga sama, abin da ke nuna cewa faɗuwar ba baƙuwa ba ce. Bindigoginsa takwas bai kai su fagen fama ba, don haka babu baƙin hayaƙi a bakunansu. Duk abin da gaskiya ta yardar masa ya sa shi ne layin toka na doguwar tafiya, da ɗigon mai, da ƙura iri biyu: ja daga ƙasa, wadda tayoyi da farfela suka tayar ta manne a ciki da ƙafafu, da fara daga sama, ta hazon da iskar hunturu ke kwasowa daga busasshen tafkin Bodele a arewacin Cadi, wadda ta kwanta a fukafukai cikin dare.

Farar ba ta da wuya, daga kan kantar shagonsa ya share ta, ita kam an tankaɗo ta tun daga Cadi. Jar ce ta sa ya roƙi wani direban Maraɗi mai zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya ya ƙullo masa ƙasa a leda. Direban ya kawo, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu, ya ce, "Baba, Allah shi sa a dace, Allah shi ba mai jiki lafiya." Ya ɗauka magani za a haɗa. Wata uku dattijon ya yi yana sa wa jirgin kwana biyun nan. Wanda ya kalle shi daga bakin ƙofa zai ce ba a yi masa kome ba. Sai an sunkuya, an sa gilashin agogo a ido, sannan a ga yadda jan ya fi yawa a bayan kowace taya, yana raguwa har ya ɓace kafin wutsiya.

Masu ziyara sukan ce ya ƙara masa datti, ko kuwa ya ƙara masa ado, sai ya ba su labarin wani jirgi. A ranar 28 ga Yuni 1942 wani matashin matuƙi ɗan Ingila, Dennis Copping, ya ɓata da jirginsa ƙirar Kittyhawk a hamadar yammacin Masar. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A 2012, bayan shekara 70, masu neman man fetur suka ci karo da jirgin inda ya sauka, kusan cikakke. Rana ta kashe launinsa, yashi ya goge shi, amma lambobinsa suna karantuwa. Bayan ƴan shekaru sai aka gan shi a gidan tarihin soja na Al-Alamain, an lafta masa sabon fenti, an zana masa bakin kifi mai haƙora a hanci, alamar wata runduna ce ma daban da tasa. Hamada ta yi shekara 70 tana aikin da babu gwanin da zai iya kwaikwayonsa, mai buroshi ya zo ya shafe shi da niyyar kyautatawa.

Sai dai akwai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma daga maƙwabci ta zo. A watan Fabrairu na 2022 wani jirgin yaƙi ya jefa bam a ƙauyen Nacade, cikin gundumar Madarumfa, kusa da iyaka. Gwamnan Maraɗi na lokacin ya ce jirgin sojan Najeriya ne mai farautar ƴan bindiga ya yi kuskure, kuma yara bakwai suka rasu. A makon ne wani abokin zaman dattijon, wanda suke sahu ɗaya a masallaci, ya shigo shago ya tsaya yana kallon kantar jiragen. Can ya ce, "Malam, kai da hankalinka da furfurarka, mi kake so da kayan kashe mutane? Kana ta yi musu kwalliya kamar angwaye."

Dattijon ya ɗauko jirgin Kano ya nuna masa gaban fiffike. "Alhaji, duba bakin bindigoginai, babu hayaƙi. Wanga bai kashe kowa ba tukun."

"To, ina za shi?"

Bai ba shi amsa ba. Ya rufe kantar da zane, bai sake taɓa buroshi ba har daminar wannan shekara ta wuce. Kuma Alhajin yana da gaskiya. Hurricane kyakkyawan abu ne, kyansa kuwa yana taimaka wa mutum ya manta dalilin ƙera shi. Zanen da ke bayan kwalayen nan kusan kullum a sararin sama yake, jirgi yana bin jirgi, ɗaya yana ci da wuta. Ba a cika nuna ƙasan da tarkacen zai faɗa a kai ba, balle wanda ke wasa a wurin. Ana iya cewa jiragen Takoradi sun tafi yaƙar Hitila ne, kuma haka ne. Ana iya cewa abin da dattijon ke yi adana tarihi ne, tarihin da littafin lakwal ya tsallake, shi ma haka ne. Amma babu ɗaya daga cikin biyun da za a iya faɗa wa uwar da ke Nacade.

Da ya koma aiki, allon da jirgin ke tsaye a kai ya koma wa. A kowane kwali akwai ɗan mutum-mutumin matuƙi, zaune, hannu a cinya. Dattijon bai taɓa sa ko ɗaya ba. Tun yana saurayi malaminsa na zaure ya ce masa jirgi ba shi da rai, babu laifi, amma ya bar surar mutum. Matuƙan duka suna cikin wani gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur. Ga jirgin Kano wannan ba rashi ba ne, tunda da dare matuƙi yana bariki yana barci. Waɗanda babu su ne waɗanda suka share filin, suka ɗauko marmara a ka, suka gangaro da gangunan mai, suka kwana suna gadi. Kamfanoni suna sayar da ƴan matuƙa da ƴan makanikai Turawa a kwali. Shi dai bai taɓa cin karo da leburan Kano a cikin kwali ba, kuma ko ya samu ba zai sa ba.

Sai ya yanka bututun biro, santimita guda da ɗan ɗori, ya toshe bakunan, ya samu gangar mai daidai ma'auni. Ya saƙa kwandon ɗiban ƙasa da zaren kaba da ya tsaga da reza. Ya mulmula tulu da yumɓun Jiratawa, girman ƙwayar wake, ya gasa shi a garwashin shayi, ya ajiye a inuwar fiffike. Daga nan ya feƙe tsinken ashana har bakinsa ya yi siffar tafin ƙafa marar takalmi, milimita uku da rabi, yana danna shi a jar ƙasar Kano da ya shimfiɗa a allon, hagu da dama, daga gangar zuwa gindin fiffike, daga fiffike zuwa tulu. Na zuwa yana danna su da ɗan ƙarfi, saboda mai su yana ɗauke da kaya. Ya yi sawu arba'in da ɗori, kuma ya kife akushi a kai, yana jiran ruwan farko ya kwantar da iska kafin ya fesa musu ruwan ƙaro ya kama su.